Hadari daga gabas, ambaliya daga yamma: yadda nake shirin ruwa a bakin kogin Haɗeja

Daren da ruwa ya shigo mana gida a watan Satumban 2022, taurari ne fal a sama. Mun yi kwana huɗu ko yayyafi ba a yi mana ba. Na yi sallar isha'i na shimfiɗa tabarma a zaure saboda zafi, can wajen ƙarfe biyu na ji bayana ya yi sanyi. Na laluba da hannu, na ji ruwa. Ta rariyar da mata ke zubar da ruwan wanke-wanke ya biyo, ya shigo a hankali kamar ɓarawon da ya san gida.

Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya na koma noman shinkafa a fadamar da na gada a wani ƙauye na ƙasar Auyo, jihar Jigawa. Na ga ambaliyar 2012, na ga ta 2020, ta 2022 kuwa ita ta cinye min rumbu guda da awaki biyu da katangar gabas. A shekarar, alƙaluman gwamnati sun ce sama da mutum 600 suka rasu a faɗin Najeriya, fiye da miliyan ɗaya kuma suka bar gidajensu. Abin da zan faɗa a nan, yawancinsa asara ce ta koya min.

Fara da sanin inda ruwanka yake fitowa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san hadari daga gabas yake tasowa, ya yi duhu, iska ta riga shi, ya zubar ya wuce yamma. Abin da muke mantawa shi ne kogin namu ta yamma yake zuwa. Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, da kogin Challawa, wanda aka gama dam ɗinsa a 1992, su ne suke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja. Daga nan ya gangaro ta Ringim, ya biyo ta wajenmu, ya wuce Haɗeja ya bazu cikin dausayin Nguru, can gaba ya haɗu da na Jama'are su nufi tafkin Chadi. To hadarin da ya wuce ta kanka jiya har ka ce Allah ya raba ka da shi, in ya je ya juye a ƙasar Kano, ƙafa zai tako ya dawo maka ta cikin kogi. In kuma dam ya cika, rarar ruwan dole ta bi mafitar da aka gina mata, ko wani ya so ko bai so ba. Ga ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, ga kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta toshe hanyoyin ruwa, sai ya rasa inda zai bi ya fantsama cikin gonaki da gidaje.

Wannan nisan da ruwa ke takowa shi ne rahamar da ke cikin lamarin. Yana ba ka 'yan kwanaki, in ka san yadda za ka ci moriyarsu.

Ka nemi mutum biyu a sama da kai, ɗaya a Wudil, ɗaya a Ringim, ka riƙe lambarsu. Ba sai manyan mutane ba. Nawa na Wudil wani ɗalibina ne na da, mai ɗebo yashi a bakin kogi, kuma ya fi min kowane labari amfani. Idan ka kira, kada ka ce "an yi ruwa a wajenku?" Amsar kullum "an yi, alhamdulillahi" ce. Ka tambaye shi ina ruwa ya kai a jikin ƙafar gada yau, ina kuma ya kai jiya. Sannan ka sami wani a gabas, Azare ko Potiskum, wanda zai ce maka ga hadari nan ya baro su. Rediyo ma kada ta bar kunnenka. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, tana kuma bayar da na 'yan kwanaki masu zuwa. Hukumar NIHSA mai lura da koguna tana bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa kafin damina ta kankama. Wasu abokaina a majalisa suna cewa ai gaibu sai Allah. Haka ne, ba musu. Amma mai ganin hadari ya kwashe shanya ba da'awar sanin gaibu yake yi ba.

Sai sanda. Ka sami gora mai ƙwari, ka yi mata zane da fenti ko da wuƙa, tsakanin kowane zane faɗin yatsu huɗu, ka kafa ta a bakin kogi inda igiyar ruwa ba ta da ƙarfi. Ka duba ta bayan asuba, ka duba ta kafin magariba, ka rubuta a littafi. Ni ragowar rajistar aji nake amfani da ita. Ba yawan ruwan ne abin kallo ba, saurin hawansa ne. Ruwan da ya ci zane ɗaya a kwana yana ba ka lokaci. Ranar da ya ci uku tsakanin asuba da magariba, ka daina shawara ka fara kwashe kaya. Ka lura da launinsa kuma: in ya koma ja-ja-jur mai kauri, yana ɗauke da kumfa da karan dawa da tsibin kacala har da rassan itace, to ya riga ya ci gonakin wasu a sama, yanzu naka yake nema. Rijiyar gida ma tana ba da labari. In guga ya fara taɓa ruwa da rabin igiyar da aka saba, ƙasa ta ƙoshi, ba inda sabon ruwa zai shiga.

Kwashe kaya yana da jeri, kuma a nan na yi babban kuskurena. A 2022 na fara da katifu da rediyo da akwatin kayan uwargida, na bar rumbu a kan sai gari ya waye. Gari ya waye gindin rumbun ya jiƙe ya zauna, geron shekara ya zama kunu. Yanzu hatsi nake fara fitarwa, da iri a gabansa, domin wanda ya rasa iri ya rasa shekara biyu. Bayansu taki, musamman yuriya, wadda ko danshi ta ji sai ta narke kamar gishiri. Sai injin ban ruwa da batirin sola. Takardu kuwa, na gona da na gida da katin zaɓe da takardar NIN da sakamakon jarrabawar yara da katin asibiti, a sa su a leda, a ƙulle, a sake sa su a wata ledar, a jefa cikin bokiti mai murfi, a rataye a azara. Ka ɗauki hotonsu da waya ka tura wa ɗan'uwa da ke birni. Katifa in ta jiƙe rana za ta busar da ita. Takardar gona in ta narke, sai ka yi shekara kana zarya.

Dabbobi a kai su tudu tun hanya tana biyuwa da amalanke. In ruwa ya riga ka, abu na farko shi ne ka kwance su. Awakina biyu a turke suka mutu, a ruwan da ko ƙuguna bai kai ba. Da na sake su da sun hau juji sun tsira.

Mutane su ne aiki mai wuya. Tsofaffi da masu ciki da masu jego da ƙananan yara su tafi da rana, kwana ɗaya ko biyu kafin kowa, zuwa wurin da aka riga aka yi magana da masu shi: gidan dangi a tudu, ko makarantar da mai unguwa ya nuna. Faɗar wannan ya fi yinsa sauƙi. Baffana, ƙanin mahaifina, ya haura tamanin, kuma a ɗakin da aka haife shi yake kwana. Na durƙusa na ce, "Baffa, ruwa ya ci zane uku yau, gara mu kai ka wajen Yaya a tudu."

Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ruwan da ya zo zamanin da ba a haife ka ba a bakin tsamiyar can ya tsaya. Ina nan. In kwana ya ƙare ko a kan dutse kake sai ka tafi."

Na yi ta kawo hujja, yana ta jan carbi. Uwargida ce ta yafito ni ta ce, "Malam, ba haka ake yi da tsoho ba, bar ni da shi." Ta shiga ta gaishe shi ta ce, "Baffa, yaran nan za su tafi tudu, ba babba a tare da su, kuma ba mai ja musu salla. Ko za ka taimaka ka raka su, kwana biyu kawai?" Kafin la'asar yana kan amalanke da buzunsa da butarsa, yana yi wa jikoki faɗan su zauna da kyau. Daren washegari bangon ɗakinsa ya faɗi a kan gadon. Tun daga nan na daina ce wa tsoho ya gudu. Aiki nake ba shi a can inda nake so ya je.

Wannan bangon ya kawo ni kan gidan ƙasa. A wajenmu, ba nutsewa kaɗai ke kashe mutane ba, rushewar ɗaki tana cin rayuka da yawa, kuma yawanci cikin dare mutane na barci. Bangon ƙasa daga gindi yake mutuwa. Ka zagaya gidanka da cocila kowace magariba a lokacin marka. In ka ga danshi ya hau bango ya kai kamu ɗaya, ko ka danna da yatsa ya lotsa, ko sabuwar tsaga ta fito a kusurwa, ko ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa, ko ƙasa tana zubowa daga azara, to kada kowa ya kwana a ɗakin. Gara rumfar kara da sauro. Tun bazara ya kamata a yi yaɓe, a gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da bango, a tara ƙasa a gindin katanga ta gangara waje. Rariya kuma, wadda ta ci amanata, a tanadi buhun yashi biyu a ajiye kusa da ita. Da ruwan waje ya fara hawa a toshe.

Jinga aikin gayya ce, mutum ɗaya ba ya yin ta. Wanda ya ga yadda matasan Haɗeja suka kwana suna jera buhunan ƙasa a 2022 don tare wa garin ruwa ya san abin da gayya ke iyawa. Amma akwai yadda ake yi. Kada a cika buhu tam. Rabi ko ya ɗan fi, yadda zai kwanta ya baje ya rungumi ɗan'uwansa. Buhun da aka cika ya yi ƙirtsitsi kamar na masara a kasuwa, rata yake bari ruwa ya bi. A naɗe bakin a ƙarƙashi, a jera kamar ginin bulo, na sama ya hau kan mahaɗar biyu na ƙasa, a tattake kowane layi da ƙafa. Gindin ya yi faɗi, kamar ninki uku na tsayin da ake so. In akwai tamfol ko babbar leda a shimfiɗa ta fuskar ruwa a danne. A raba dare kashi-kashi, kowane kashi da masu gadi biyu da cocila da waya mai caji, a kuma yi magana da ladan tun da wuri cewa in an buga masa ya kunna lasifikar masallaci ko ƙarfe nawa ne.

Masu gadi su riƙa duba bayan jinga, ba gabanta kaɗai ba. In ruwa yana tsattsafowa garai-garai, da sauƙi, a sa ido. In yana ɓuɓɓugowa da laka ko yashi, to cin jingar yake ta ƙarƙashi. Kada a danna buhu a bakin ramin, zai ɓulle ta wani wuri ne. A kewaye shi da buhuna kamar bakin rijiya, ruwan ya taru a ciki ya danne kansa har ya daina fito da laka. In ya fi ƙarfinku, ku bar jinga ku tashi mutane. Wani abu kuma da ba a son faɗa: ruwan da ka tare, wani ka tura wa. Na ga ƙauyuka biyu masu auratayya sun kusa ɗaukar sanda a kan jinga, wasu na zargin wasu da fasawa cikin dare. Kafin a ɗora buhun farko, dagatai su zauna, in ta kama a kai maganar gaban hakimi.

In ruwa ya riga ya shigo, a kashe wutar lantarki daga inda ta shigo gida, da busasshen hannu, mutum yana tsaye a busasshen wuri. In wurin ya riga ya jiƙe a bar shi. Kada a raina ruwa mai gudu. Wanda ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da ƙato, wanda ya kai santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota. 'Yan acaɓa su ne suka fi taurin kai a nan, sai mutum ya ce ai ya san hanyar, alhali kwalbatin da ya sani ruwa ya tafi da shi tun jiya. In dole ne a taka, a riƙe doguwar sanda ana dogara ta gaba kafin a sa ƙafa, yara a kafaɗa. Kwale-kwale kuwa ƙa'idata uku ce kuma ba na sassautawa: ba na shiga da dare, ba na shiga wanda bakinsa ya kusa shafar ruwa saboda lodi, kuma in mai fito ya ce ya isa, ya isa, ko surukina ne ya rage a gaɓa. Inda aka raba rigar ruwa a sa ta, ba a zauna a kanta ba. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma lambar sarkin ruwan yankinku ta fi kusa.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke faɗawa bayan sun tsallake na farko. Ruwa ya ja da baya, rana ta fito kwana uku, kowa ya ƙosa da zaman makaranta da cinkoso, sai a fara komawa gida. Ka duba kalanda tukuna. In Satumba ba ta ƙare ba, damina ba ta yi sallama ba. Ruwan da in a watan Yuni aka yi shi ƙasa za ta shanye kafin ka gama shan koko, yanzu kwanciya zai yi, domin fadama ta cika, kududdufai sun cika, dam ya cika, bangon da ya tsaya da ƙyar kuma yana jiran ɗan ƙarin danshi ne kawai. Mutanen Maiduguri a ranar 10 ga Satumban 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle musu, cikin dare, a ƙarshen damina, shekara 30 bayan irin haka ta faru a 1994. Dattawan Kano kuma ba su manta da ɓallewar dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988 ba. Ni dai ba na mayar da tsofaffi da yara sai sandata ta nuna ruwa yana sauka kwana bakwai a jere, na Wudil ya ce haka yake gani, na gabas ya ce sama ta yi fari, rediyo kuma ba ta ambaci wani ruwa mai ƙarfi a gaba ba. Maza su fara zuwa da rana, su duba, su dawo su kwana a tudu. Buhunan jinga a bar su inda suke sai an ji iskar kaka.

Da ka shiga gidan, sanda a gaba, takalmi a ƙafa. Macizai ma tudu suka nema, kuma tudun da suka samu shi ne ɗakinka: cikin tukunya, bayan buhu, saman azara. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji.

Ruwan sha shi ne ambaliya ta biyu. Duk rijiyar da ruwa ya haye bakinta, ka ɗauka masai ya shiga cikinta, don ya shiga. A kwashe ta, a zuba sinadarin kulorin in ma'aikatan lafiya sun kawo, kafin nan kuma duk abin da za a sha a tafasa shi ya yi ɓararraka na minti ɗaya cur. Mata suna son jefa alif su ga ruwa ya kwanta garau su ce ya yi. Alif laka yake kwantarwa, ba a dogara da shi wajen kashe ƙwayar kwalara. In ƙwayar tsarkake ruwa aka samu, a bi abin da aka rubuta a jikinta, a jira minti 30 kafin a sha. Wanda amai da gudawa suka kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Ana ba shi ana tafiya asibiti, ba a jira gari ya waye. Gidan sauro kuma ya shiga cikin kayan da ake fara ɗauka, don makonnin da ke biyo baya na zazzaɓi ne.

Gona ba zan daɗe a kanta ba, kowa ya san tasa. Abu ɗaya dai: akwai irin shinkafa FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a 2017, waɗanda ke jure nutsewa har wajen mako biyu, inda FARO 44 da muka saba da ita takan ruɓe. Ni yanzu su nake zubawa a kwarin da ruwa ke fara kwanciya. Inda ruwa ya cinye gaba ɗaya kuma, laka mai kyau yake bari. Da ya janye nakan bi danshin da wake ko kankana, in tanadi ƙarfina don alkamar rani.

Layin da ruwan 2022 ya zana a bangon zaurena yana nan, na hana a shafe shi da aka zo yaɓe. Na auna kamu ɗaya sama da shi na kafa kanta, a kanta iri da bokitin takardu suke kwana daga farkon Agusta. Sabon rumbun ma a kan dakalin da ya fi layin tsayi na ɗora shi. Jikana na aji huɗu shi ke zuwa duba sanda yanzu kafin ya tafi makaranta, ya dawo ya ce, "Kaka, ya ci rabin zane." In ce ya rubuta, ya sa kwanan wata.